Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗakin Baya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya inda kuɗin haya suka sa ni a gaba a Okland ta ƙasar Niu Zilan, har na fara bin shaguna ina neman aiki ko na wanke-wanke ne.

To aikin da Allah ya ba ni ba irin wanda ake faɗa wa Inna a waya ba ne. Shara da goge-goge a wani ɗan shagon zanen jiki da huji a Otara, can kudancin birnin inda 'yan Samowa da Tonga suka yi yawa. A gaban shagon wata yarinya ce ke huda kunne da hanci da cibiya, har da harshe wai, minti biyar an gama an biya an tafi, wannan bai taɓa tsaya min a rai ba. Ɗakin baya ne labarin.

Can babu kujera babu inji, tabarma ce shimfiɗe a ƙasa. Mai aikin wani dattijo ne ɗan Samowa, tufuga suke ce masa, wato gwanin zanen jiki na gargajiya, ni kuwa Baba nake ce masa ya kuma amsa. Sana'ar ta gado ce a wurinsu, gidaje ƙalilan aka sani da ita irin su zuri'ar Su'a. Abin aikinsa 'au, wani ɗan mataji mai haƙora tsini-tsini ɗaure a bakin sanda, ya tsoma a tawada ya ɗora kan fata sai ya riƙa bugawa da wata sandar, ƙwas ƙwas ƙwas kamar masassaƙi ya samu turmi, tun safe har la'asar. Ya ce kakanninsa da hauren aladen daji da ƙoƙon bayan kunkurun teku suke haɗa shi, tawadar kuma baƙin hayaƙin wani ƙwallon itace ne mai mai da suke kira lama. Yanzu dai ƙarfe ne da roba da safar hannu saboda dokar tsafta.

Zanen maza sunansa pe'a, daga ƙugu har gwiwa, na mata kuma malu. Na ga wani saurayi direban babbar mota, ƙato wallahi, an kwantar da shi samari biyu sun ja fatar cinyarsa sun miƙe ta, ɗaya na goge jini da tawada, ranar da aka zo kan gwiwa sai da na ga jijiyar wuyansa ta tashi yana cizon tawul hawaye na bin kunnensa amma bai ce a tsaya ba. Uwarsa da ƙannensa na zaune a gefe suna rera waƙa ƙasa-ƙasa, ba mai tsayuwa a kan masu aiki, ko ni in zan kawo ruwa sai na duƙa. Dalilin dauriyar kuwa, wanda ya fara ya gudu ana ce wa nasa pe'a mutu, abin kunya ne da zai bi shi har danginsa. Cibiya ake yi ƙarshe, sannan a yi biki a shafe shi da man kwakwa da kurkum.

Tun ranar farko na lura Baba na satar kallon fuskata. Ni Bagobiri ne, da askata reras a kumatu biyu, wadda a jami'a a gida na sha tsiya a kanta, Yarbawa abokan wasanmu kam ba a magana. Ran nan muna shan shayi ya ce, yaro wa ya yi maka wannan? Na ce wanzamin gidanmu ne Baba, ina jariri. Ya ajiye kofi ya matso ya duba layi-layi, ya ce hannun mutumin nan bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Ya tambayi ko ɗan wanzamin ya gaji aikin, na ce ya gada amma yanzu sai aski da ƙaho da kaciya, iyaye sun daina kai 'ya'ya a yi musu. Ya girgiza kai ya ce su ma da 'yan mishan suka zo a 1830 an so a kashe abin, a Tonga har doka aka yi a 1839 ta hana, su Samowa ne suka ƙi saki.

Sai ya ce zai min ɗan ƙarami a damtse kyauta. Na ce Baba na gode amma addinina ya hana, wannan na fuska ma ba da shawarata aka yi ba. Ya yi dariya har da buga cinya, bai sake tada zancen ba, kuma tun daga ranar shi ke tuna min lokacin azahar in aiki ya ɗauke min hankali.

Matsalar ta ɓullo ne ranar da yayana ya kira ni ta bidiyo ina tsakiyar shara, na ɗaga ban yi tunani ba, ashe hotunan da ke bangon bayana duk sun fito. Ya ce kai ina ne nan? Kafin dare magana ta kai kunnen mahaifinmu a Sabon Birni. Yadda muka kwashe da shi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.