Makullin sito

Ranar da na cika shekara 35 a aikin gwamnati aka miƙo mini takardar ritaya da agogon bango. Ƙarfe bakwai in yi wanka, in sa kaftani, in kafa hula, sannan in tuna ba inda za ni. Maman yara ta jure wata biyu, ran nan ta ce, "Maigida, har ashana ka fara ƙirga mini a kicin. Don Allah ka nemi abin yi."

Sai na shiga zuwa Misar safe, wato addu'ar safe a cocinmu na Katolika, ba don tsananin ibada ba, in faɗi gaskiya, don dai in fita daga gida. A nan wata Sista ta ji cewa sito na riƙe a wurin aiki, ta ce ko zan leƙa nasu, inda suke ajiye abincin da ake raba wa mabuƙata. Mu da muka tashi a Kano mun san sistoci tun na St. Louis, waɗanda suka zo daga Ayilan a 1948 suka kafa makaranta, amma a zatona aikinsu sai wanda ya yi alkawarin zama ba aure. Ashe mai mata da jikoki ma yana da gurbi, ba albashi, ba kujera mai juyawa.

Cikin mako guda na jera buhunan masara a kan katako don gudun danshi, na raba tsoho da sabo, na buɗe littafin shiga da fita. Raina ya yi fari, na ce yau an sami gwani.

A cikin azumin kwana arba'in aka yi rabo: masara tiya biyu da kwalbar man gyaɗa ga kowa. Rabin layin maƙwabta ne Musulmi, ba wanda ya tambaye su addini. Wata dattijuwa ta shimfiɗa ɗankwalinta a gabana. Na duba littafi sau biyu, babu sunanta. Na ce, "Iya, sai dai ki dawo wata mai zuwa." Irin maganar da na yi shekaru ina faɗa wa mutane ta taga, wadda kuma a lokacin ake faɗa mini a kan kuɗin sallamata. Ba ta yi musu ba, ta fara naɗe ɗankwalin.

Sistar, wadda 'yata ta fari ta girme ta, ta matso ta yi ƙasa da murya. "Baba, biro ai a hannunka yake. Rubuta ta."

Kunya ta rufe ni. Na tambayi sunanta na rubuta, na auna mata, har da gyara a kan tiya.

Ban jefar da littafin ba, kuma a kan wannan har yau mukan ja da Sista. Masu ba da baiko, wato sadaka, suna da haƙƙin sanin inda kayansu suka shiga, in ba lissafi kuwa ɓera da ɗan hannu su ke cin rabon marayu. Na dai bar layi biyar a ƙasan kowane shafi ba komai, domin waɗanda za su zo ban san da su ba. Watan jiya layukan ba su isa ba, sai a gefen takarda na ƙarasa.