Salansar tirela da abin da walda guda taj jawo muna

Tun watan jiya nike son in rubuta wanga abu, sai yau Allah ya ba ni dama. Ina da kan tirela guda, DAF XF 105 ce tokumbo, da ita muke neman abinci, wani zubin siminti daga Kalambaina, wani zubin albasa mu yi Kudu ta Jega da Yawuri har Kwantagora. Na yi shekaru ina tuƙi kafin in aje sitiyari in ba ƙanena, saboda haka duk abin da zan faɗa na taɓa shi da hannuna.

Abin ya faro ne daga fileks, guntun bututun salansa mai kama da saƙa da ke bayan tobo, wato fankar da hayaƙi ke juyawa tana tura iska cikin inji. Shi yat tsage a hanya, ƙanena yat tsaya wurin wani mai walda bakin titi, mutumin yac ce mai "oga ai wanga ado ne kawai, bari in sa ma bututu mai kauri, har ka sai da motar ba ka sake taɓa shi". Ya yanke fileks ya liƙa sandararren ƙarfe tun daga bakin tobo har tukunyar salansa. To inji bisa roba yake zaune, kullum cikin rawa yake, ita kuma salansa a ɗaure take jikin shasi, ga zafin hayaƙi da ke wuce digiri 500 in mota ta ɗau lodi tana hawa, ƙarfe ya miƙe da zafi ya koma in ya huce. Fileks shi ke shanye duk wanga motsi, da anka cire shi sai wahalar ta koma kan tobo. Sati uku ba su cika ba bakin tobo yat tsage, kusoshi biyu na manifol, ƙarfen da ke tara hayaƙi daga inji, sunka karye can ciki, sai da bakanike ya wuni yana haƙo su da dirila.

Kuɗin da nik kashe sun yi min zafi amma abin da yaf fi damuna yaron mota ne. Kullum ya tashi da ciwon kai da jiri, muna ta cewa zafin Sakkwato ne, kun dai san Afrilu yadda take wuce digiri 40, ashe shi da ƙanena suna kwana cikin kan mota inji na aiki don sanyi, hayaƙin da ke fita ta tsagar yana shigo musu ta ƙasa. Ranar da munka ɗaga kan motar nig ga baƙar kunkunniya ta shafe ƙasan gadon da yaron ke kwanciya, wallahi jikina ya yi sanyi, ɗan mutane ne amana anka ba mu.

Da niz zo sayen kaya na zauna da bakanikena munka bi abin a hankali. Farko dai faɗin bututu, manyan motocin ga yawanci inci 4 ne ko inci 5, ka auna naka da kanka ko ka tafi da tsohon a hannu, kar ka yarda da "ai zai shiga Alhaji". In ka matse bututu hayaƙi bai fita da sauri, inji ya riƙa zafi, mota ta rasa ƙarfi ta riƙa shan gas tana baƙin hayaƙi, kuma haka yawan lanƙwasa ke yi, musamman gwiwar da anka yanka anka haɗa da walda. Sai ƙarfen kansa, akwai mai fentin alminiyam mai araha, akwai sitenles, wanda ake salansa da shi yawanci kala biyu ne, mai lamba 409 da mai lamba 304. Ni da ɗan maganaɗisu nike zuwa, 409 yana kama shi, 304 da wuya ya kama, shi ne kuma yaf fi jure tsatsa, in motarka na yawan shiga Legas da damina za ka ga bambanci. Tukunya in tokumbo ce ka ɗaga ka girgiza, in ka ji abu na kaɗawa ciki aje ta.

Na san akwai samarin direbobi masu son a cire tukunya baki ɗaya don mota ta riƙa ruri tun daga Shuni a san sun iso, ko a kafa musu doguwar salansa mai ƙyalli bayan kai irin ta Mack ɗin Amurka. Dogon bututun ba laifi in an sa mai marfi ko an lanƙwasa bakin saboda ruwan sama. Amma irin tawa motar Euro 5 ce, wato bisa ƙa'idar Turai ta rage hayaƙi anka ƙera ta, cikin tukunyar akwai abin da ke tace hayaƙi da ruwan AdBlue, akwai kuma sensa mai kai rahoto ga kwamfutar mota, ka sa mata tukunyar da ba kowa ciki sai ta kunna wuta a dashbod ta rage ƙarfin inji. Shi AdBlue yuriya ce mai tsabta kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa, don Allah kar wani ya jiƙa takin gona ya zuba, toshe nozul ɗin da ke fesa shi zai yi. Akwai kuma ɗan murfin birkin salansa da ke bayan tobo, shi ke riƙe mota a gangara, wasu na cire shi in ya cije maimakon a gyara.

Ranar ɗaurawa ina tsaye. Munka cire kan batir kafin a kunna injin walda saboda kwamfuta, munka sa sabon gaskit, munka jera komai sako-sako tukun daga tobo zuwa baya sannan anka bi ana ɗaurewa, mahaɗai duk da kilam, zoben ƙarfe mai noti, munka kama su don gobe in za a kwance ba sai an yanka ba. Fileks ya zauna miƙe, ba ja ba lanƙwasa, kuma ba shi ke ɗauke da nauyin tukunya ba, robobin rataya sababbi munka sa. Nib bi tiyon iskan birki da wayoyi ɗaya bayan ɗaya, wanda yak kusanci bututu munka janye shi munka ɗaure, don tiyon ga roba ne, in ya narke kana bisa hanya da tan 30 a baya sai dai addu'a. Da munka tada inji da sanyinshi bakanike ya shafa ruwan omo a kowace mahaɗa, wuri guda yay yi kumfa anka ƙara matse shi.

Motar ta je Kudu ta dawo sau biyu yanzu. Na ce ma ƙanena duk inda ya tsaya ya leƙa mahaɗan ko akwai baƙi, ya sake taɓa notunan kilam tunda zafi na sassauta su. Jiya yaron motar yaz zo gaishe ni nit tambaye shi kan, yac ce "Baba ai tun ranar ban sake sayen fanadol ba". Saura farantin kare zafi na ƙasan kai, na ba da saƙo a duba min Kofar Ruwa in wani zai shiga Kano satin ga.