Asabar a Garwa: Kawu da Auta sun yi gardama kan kawa

Yau gida ya cika. Kawu ya iso daga Lagdo da hantsi, ɗauke da kwandon karfasa da banda. Inna sai fara'a, tun bai gama gaisawa ba ta ɗora tukunya. Zafi kuwa ba a magana. Wuta ta ɗauke kafin azahar.

Bayan la'asar muna ƙarƙashin darbejiya, Kawu ya ɗauko kukansa na kullum: wai tun da jiragen inji suka yi yawa a tafki, wato tafkin Lagdo, kifi ya ƙaurace wa gaɓa. Auta, da ta zo hutu daga makaranta a Yabasi, ta ce, "Kawu, ai kifi ya gode Allah, yana da inda zai gudu. Kawa fa, halittar ruwan nan mai ɓawo biyu da ke manne da dutse?"

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. "Ke 'yar nan, abin da ba shi da kunne, ina ruwansa da ƙara?"

Ta gyara zama. Ta ce kunne kam babu, amma dangin kawa da katantanwa na teku suna da wata 'yar jaka a jiki, da ƙwayar tsakuwa a ciki tana taɓa siraran gashi. Da ita suke bambance sama da ƙasa, da ita suke jin girgizar ruwa. Ga shi sauti a ruwa yana cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa, ya ninka na iska fiye da sau huɗu, rugugin manyan jirage kuma yana kaiwa nesa ƙwarai.

A Faransa, in ji ta, an gwada an ga kawa tana datse ɓawonta da zarar ta ji irin wannan rugugi. A Birtaniya kuma, a 2019, an kunna wa wasu danginta ƙarar jirgi da aka naɗa, sai tace ruwan da suke yi don samun abinci ya ragu sosai, shaƙar iskarsu ta ragu, har ƙwayoyin halittar jikinsu suka taɓu. Mafi muni su ne bindigogin iska na masu neman mai a ƙarƙashin teku, masu tashi kusan duk daƙiƙa 10. A 2001 da 2003 manyan kalamar, halittun teku masu laushin jiki da hannaye da yawa, dangin kawa na nesa, sun fito matattu a gaɓar arewacin Sifaniya bayan irin wannan aiki. A 2011 masu bincike a Basalona suka sa wa danginsu ƙara na awa 2, suka tarar jakar nan ta lalace, gashin ya zube.

Kawu ya daina dariya. Ya jima yana jan carbi, sannan ya ce, "To, mu ina mu ina teku?"

"Kawu, man Doba na Chadi ina yake zuwa? Tun 2003 bututu ke kai shi Kiribi, a gaɓar tekun Kamaru, jirage na zuwa ɗiba. Ga babbar tashar jiragen ruwa da ta fara aiki can a 2018." Amma ta ƙara da cewa duk wannan bincike kan na teku ne, ba ta ɗora laifi a kan injin kowa a Lagdo ba.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne datse ɓawon nan. Kawa sai ta buɗe take ci, sai ta buɗe take numfashi. In tsoro ya sa ta rufe, yunwa ta kama ta, kuma ba ƙafar tafiya. Shekarun da muka yi kusa da injin niƙa, aƙalla da dare ana kashewa mu yi barci. Jirgi ba ya sanin dare. Abin ya ba ni tausayi matuƙa, har na kasa cin kifin da daɗi, Inna tana ta tambaya ko gishiri ne bai ji ba.

 

Da zai shiga kwana Kawu ya kira Auta, ya ce in ta koma ta tambayi malamansu ko makankarin Binuwai ma yana ji, don akwai wata kwana da ya saba barin inji yana aiki alhali yana jan koma.