Abin da na koya a aikin kai mutum-mutumi makarantun Kaduna

Na ajiye aiki a ƙarshen zangon karatun nan. Tunda abokan aiki na ta tambaya, bari in fayyace.

Duk wanda muka yi yawon makarantun Rigasa da Kawo da Tudun Wada tare ya san yadda Oga yake son kayanmu: fes a cikin kwali, kamar jiya aka sauke su. Shi dai a jera ɗalibai bayan teburi, 'yar motar mutum-mutumin ta bi baƙin layi, a ɗauki hoto a tura wa masu ba da tallafi. Yaro na miƙa hannu sai ka ji "Kai, a kula!"

A wata makarantar 'yan mata, wata 'yar aji biyu ta juya wayoyin batir, ta sa ja a gurbin baƙi. Allon L298N mai juya tayoyi ya ɗau zafi, ƙauri ya cika ajin. Jikinta na rawa ta ce, "Malam, wallahi ban sani ba." Na miƙa mata mitar auna wuta na ce ta gano inda wutar ta bi. Kafin a tashi ta gano, har tana nuna wa ƙawayenta. Oga kuwa a gaban shugabar makaranta ya ce ban iya tsare kaya ba, ƙarshen wata aka zaftare kuɗin daga albashina, allon da bai kai kuɗin man da motarsa ke sha zuwa Rigasa ba. Daga nan ya kafa doka: malami ne kawai zai haɗa waya, yara su yi kallo.

Abin takaicin, Arduino, ƙaramin allon da muke amfani da shi wajen sarrafa motar, an ƙirƙiro shi ne a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai su samu abu mai araha da za su yi ta gwaji a kai. Shi kuma Oga hankalinsa na kan LEGO Mindstorms, wani kunshin kayan haɗa mutum-mutumi, saboda ya fi kyau a hoto, alhali kamfanin ya daina yin sa tun ƙarshen 2022. Ƙaramin abu ya ɓace, sai ka nemi mai zuwa waje.

Sauran darussan ba su da yawa. Batir mai 9V ba ya jan tayoyi, a nemi batir samfurin 18650 na tsohuwar kwamfuta. Hasken rana ta taga yana rikita na'urar gane layi, a janye teburin ciki. A sauke Scratch, manhajar koya wa yara tsara umarnin kwamfuta, mai aiki ba intanet, a cika caji tun daga gida. Masu walda na kasuwar Panteka suna ƙera gangar jikin mota da ta fi ta roba ƙarko. In ba a koya wa malamin kimiyya ba, kayan a kabad ɗin ofishin shugaba za su tsufa.

Wanda zai gaje ni, kafin ya sa hannu ya nemi a rubuta masa wa ke biyan abin da ya ƙone.