Helenanci a gida: kuɗin da na zubar kafin na gane

Ƙannena da kuka fara koyar da yara a gida, bari in ba ku labarin wautar da na tafka ko wata za ta tsira da kuɗinta. Baban yara ya yi Helenanci, wato harshen Girka, a makarantar horar da fastoci, ni kuma da na ga kullum da safe yaran suna hannuna sai na ce ai gara su taso da shi, in sun girma su buɗe Sabon Alkawari su karanta a harshen da aka rubuta shi. Ban tambayi kowa ba, kawai na ciro tsohon littafin nahawunsa daga akwati na dire gaban yarinya 'yar shekara 7 da ƙaninta ɗan 5. Littafin manya ne, ko hoto ɗaya babu, sai jadawalin yadda ƙarshen kalma ke canzawa. Ba a yi sati biyu ba yarinyar nan da ta hango na ɗauko shi sai ciwon ciki ya tashi.

Toh sai na shiga intanet na ga wani saiti mai kala da waƙoƙi da katuna, na biya da dala har da kuɗin kawowa wanda ya kusa kamo kuɗin kayan, muka yi ta jira. Yara kam sun so shi, gida ya cika da kalimera kalimera, sai ranar nan babansu ya ji ƙaramin yana ce wa ruwa nero, burodi kuma psomi, ya kalle ni ya ce ke wannan ai na mutanen Atina ne na yau, a Linjila ruwa hudor ne, gurasa kuma artos. Wallahi sai a ranar na san Helenanci ba ɗaya ba ne. Akwai na mawaƙan dā can, akwai na masana falsafar Atina, akwai Koine wanda shi ne na Sabon Alkawari, sannan ga na zamani. Kamar ka ce kana son ɗanka ya iya Larabcin littafi sai ka kunna masa fim ɗin Masar. Tun kafin ki taɓa jakarki ki zauna ki yanke wanne kike so kuma me za a yi da shi, masu sayarwa da yawa sunan harshen kawai suke rubutawa a bango.

Amma inda na fi shan wuya lafazi ne. Makarantun fastoci galibi suna bin wanda ake dangantawa da Erasmus, mutumin Holan da ya yi rubutu a kan batun a 1528, su β "b" ce, Girkawan yau kuma "v" suke cewa. Harafin η babansu ya ja shi "ee", waƙar yara ta ce "i", shi ya sa kalma ɗaya wani ya ce amen wani ya ce amin, har aka wayi gari yarinya tana gyara wa ubanta karatu a kan tabarma shi kuma ransa ya ɓaci. Ga alamomin saman haruffa, tun 1982 ƙasar Girka ta rage su zuwa ɗaya, amma tsohon rubutu na nan da nasa birjik. Ki zaɓi lafazi ɗaya, duk wanda zai buɗe baki a gidan ya bi shi, kuma ki saurari muryar da ke cikin saitin kafin ki saya, in mai kaya ya ƙi nuna miki samfurin shafuka da sauti ki bar masa abinsa.

Da na dawo hayyacina sai na tuna yaran maƙwabtanmu 'yan allo, babbaƙu tukuna sannan farfaru, ba wanda ke fara musu da nahawu. Haruffa 24 ne kacal, muka yi wata uku a kansu, minti goma sha biyar a rana, da alli a ƙasan tsakar gida. Ki lura da masu yaudara tunda yaran suna koyon boko a lokaci guda: Ρ kamar P take amma "r" ce, ν kamar v amma "n" ce, sigma kuma, wato harafin "s", tana sauya kama in ta zo ƙarshen kalma. Ki kuma tabbatar ke kanki kina gaba da su ko da darasi ɗaya, ni da dare nake nawa bayan sun kwanta. Sautin ma ki sauke shi a waya, kar ki dogara da data ko wuta.

Mu dai mun tsaya a Koine da lafazin zamani, saboda da shi ake karanta Linjila a coci-cocin Girka har yau kuma sauti ya fi samuwa. Yana da nasa ciwon kai, η da ι da υ da ει da οι duk "i" ne a kunne, shifta sai a hankali. Yanzu babbar tana karanta farkon Yohanna tana bin layi da yatsa, babansu kuma in yana nazarinsa shi kaɗai a ɗaki har gobe ina jiyo shi yana kiran β "beta" da lafazinsa na makaranta.