Itacen da ba a cin 'ya'yansa, amma ba na rabuwa da shi a lambu

Sana'ata gyaran lambu da sayar da dashe a arewacin Ingila, ni da yara biyu da mota ɗaya. Mafi yawan masu kirana lambun abinci suke so: tuffa, albasa, latas, sitiroberi. Da na kawo shawarar a dasa wani ɗan gajeren itace mai suna karant mai fure, wanda masana ke kira Ribes sanguineum, tambayar farko ita ce, "To me za a ci a jikinsa?" Nakan faɗi gaskiya, kusan babu. 'Ya'yansa baƙaƙe ne masu farin ƙura a baya, ba guba, sai dai salam suke a baki. Tsuntsaye nake bar wa.

Amfaninsa a furen yake. Asalinsa yammacin Amurka ta Arewa ne, David Douglas ɗan Sikotilan ya aiko da irinsa Birtaniya a 1826. Tun a watan Maris, sanyi bai gama sakin gari ba, sai ka ga furanni jajaye sun zubo reto-reto a kowane reshe, tun ganye bai gama buɗewa ba. A daidai lokacin ne manyan ƙudan zuman nan masu gashi suke fitowa daga kwanciyar hunturu da yunwa, ga fure ya yi ƙaranci. Idan suka samu abinci a lambunka, nan za su yi ta zarya, har tuffa ta yi fure a ƙarshen Afrilu su wuce kanta. Barbarar da suke yi ita ce 'ya'yan da mai lambu zai tsinka a kaka. Shi ya sa nake dasa shi kusa da tuffa da baƙin karant da guzberi, 'yan uwansa biyu da ake cin 'ya'yansu.

A gindinsa nakan sa ƙananan sitiroberi da albasa mai lawashi, don suna jure 'yar inuwa. Na'ana'a kuwa sai a tukunya, in ba haka ba ta mamaye wurin. Furen dafodil ba na yarda ya kusanci albasa, kansa kamar nata ne, kuma guba ne.

Inda mutane suka fi ɓata karant mai furen nan wajen sassabe ne. A reshen bara yake fure, wanda ya aske shi da hunturu ya zubar da furen shekarar ke nan. Sai furen ya kaɗe nake sa almakashi, in cire kamar kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin rassan tun daga tushe. Da kaka kuma in yanki rassa masu ƙwari tsawon taƙi guda, in soka a ƙasa, badi su zama dashen sayarwa. Nau'in King Edward VII ya fi fita a wurina.

Ganyensa yana da wari, wasu na cewa kamar fitsarin kyanwa, don haka ba na dasa shi a bakin ƙofa ko ƙarƙashin taga. 'Yan uwa masu son kai shi Kano ko Maraɗi kuma nakan ce su adana kuɗinsu, in bai sha sanyin hunturu mai tsawo ba, ba zai yi fure ba.