Abin da na gani a Senegal, daga Dakar zuwa Kaulaha da Tuba

Duk wanda ya je Senegal ya tsaya a Dakar kaɗai, ya ga teku da gine-gine, amma bai ga abin da ke riƙe da ƙasar ba. Sai da na bi hanyar Kaulaha da Tuba na gane haka.

Shiga ba ta ba ni wahala ba, tunda mai fasfo ɗin ECOWAS ba ya buƙatar biza. Filin jirgin saman Blaise Diagne, da aka buɗe a 2017, yana Diass ne, kusan kilomita 50 daga tsakiyar birni, don haka a gama cinikin kuɗin mota kafin a sa jaka a but. Kuɗinsu sefa ce. Faransanci ne harshen ofis, amma a kasuwa da tasha da cikin gida Wolof ake ji. Kwana da abinci a Dakar da tsada, sai dai jirgin ƙasan da ya fara aiki a ƙarshen 2021 tsakanin Dakar da Diamniadio ya rage wa mutane azabar cunkoso.

Na je tsibirin Gore, tafiyar kamar minti 20 a jirgin ruwa. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978, kuma ɗakunan gidan tarihin cinikin bayi, da ƙofarsa mai kallon teku, suna kashe wa mutum jiki. Amma wurin da ya fi koya mini halin da ƙasar ke ciki yau shi ne bakin ruwan Sumbejun a Dakar, da la'asar sakaliya. Kwale-kwale masu fenti kala-kala na dawowa, samari na turo su kan yashi, mata kuma sun yi layi da robobi suna ciniki tun kifin na motsi. Wani dattijon masunci ya nuna mini abin da suka kamo, ya girgiza kai. Kukansu ɗaya ne: manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje sun kwashe teku. Irin waɗannan kwale-kwalen ne kuma matasa ke cikawa su nufi tsibiran Kanari na Sifaniya, wasu su kai, da yawa teku ta ci. Ƙasar ta fara haƙo ɗanyen mai a Sangomar a 2024, tana da zinari a yankin Kedugu da ma'adinin fosfat, amma talaka har yanzu da kifi da gyaɗa da kuɗin da 'yan'uwa ke aikowa daga waje yake rayuwa.

Zuwa Kaulaha na shiga tsohuwar Fijo mai cin mutum bakwai, wadda ba ta tashi sai ta cika. A roƙi kujerar gaba ko a ƙara kuɗi a saye ta, don ta can baya ba ta mai dogayen ƙafafu ba ce. Wannan yanki shi ne zuciyar noman gyaɗa, kuma kusa da gari za a ga tarin gishiri fari fat a gefen kogin Salum. A Madina Baye, unguwar da Shehu Ibrahim Inyass ya kafa, inda kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1975, Hausa na tashi ta ko'ina saboda masu ziyara da ɗalibai. A nan aka fara zaunar da ni gaban faranti ɗaya da mutanen gida, shinkafa da kifi da kabeji da rogo. Kowa na ci daga gabansa. Uwar gida ce ke gutsuro tsokar kifi tana turowa ɓangaren baƙo, kuma in ka ce ka ƙoshi sai an ƙara maka. Gaisuwa ma ba a gaggauta ta: ana riƙe hannunka ana maimaita sunan danginka, ana tambayar mutanen gida, kafin a zo kan abin da ya kawo ka. Wanda ya tsallake wannan ya tafi kai tsaye ga tambayar hanya, za a amsa masa, amma a sanyaye.

Tuba kuwa gari ne da Shehu Ahmadu Bamba ya kafa a 1887, kafin Turawan Faransa su kore shi zuwa Gabon a 1895. An kammala babban masallacinsa a 1963. Ba a shan taba ko giya a garin, kuma ana son mace ta yi shiga mai rufe jiki, baƙuwa ce ko 'yar gari. A nan na fahimci cewa ɗariƙa a Senegal ba zikiri kaɗai ba ce. Muridai, wato mabiya ɗariƙar Shehu Bamba, na da ƙarfi a noman gyaɗa da sufuri da kasuwar Sandaga ta Dakar, kuma 'yan kasuwarsu da ke Italiya da Amurka na tara kuɗi ƙungiya-ƙungiya suna aikowa gida don gini da hidima. 'Yan siyasa na zuwa gaishe da halifofi. A ganina wannan tsari na cikin dalilan da suka sa sojoji ba su taɓa kifar da gwamnati ba tun samun 'yancin kai a 1960, har ma Kirista, Leopold Senghor, ya shugabanci ƙasar da Musulmi suka fi yawa na shekara 20. Abin da ya sosa mini rai shi ne ƙananan almajirai da gwangwanin tumatir suna bara a titi ba takalmi, kuma ƙasar da ta iya tsara hidimar miliyoyin baƙi masu ziyarar Tuba tana iya magance wannan.

Game da lokacin tafiya, damina na kamawa daga wajen Yuli zuwa Oktoba, kuma daga Nuwamba zuwa Maris ne yanayi ya fi sauƙi. A duba kalandar Musulunci kafin a sayi tikiti. Ranar 18 ga Safar ake taron Magal a Tuba, na tunawa da korar Shehu Bamba zuwa Gabon, a Maulidi kuma jama'a na kwarara garin Tiwawan, cibiyar Tijjaniyya, da Kaulaha. A waɗannan ranaku mota na wuyar samu, kuɗinta na tashi, don haka mai son halarta ya nemi masauki da abin hawa tun da wuri, mai son yawon ganin ƙasa kuma ya zaɓi wani makon.